Takardu Biyu Daga Masu Haɗa Sola: Wacce Zan Ɗauka?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina zaune a Kano, gida mai ɗaki uku da falo, da shagon ɗinki a ƙofar gida mai keken lantarki biyu da dutsen guga. Uwargida tana sayar da ƙanƙara da zoɓo, tana da babbar firiza ɗaya. Muna da fanka huɗu, ƙwan fitila goma sha biyu, talabijin, da sumo mai ƙarfin doki ɗaya da ke cika tanki. Kuɗin fetur ya ishe ni. Masu haɗa sola biyu sun ba ni takarda. Na farko ya rubuta inbata 5kVA, batir tubula huɗu masu 220Ah, da faranti huɗu masu wat 450. Na biyu ya rubuta inbata 3.5kVA, batir litiyam ɗaya mai 5kWh, da faranti shida masu wat 550, kuma kuɗinsa ya fi. Hankalina ya fi kwanciya da na farko, tunda inbatansa ya fi girma, baturansa sun fi yawa, ga sauƙi. Mece ce shawararku?

Amsa: Wa alaikumus salam Malam, Allah ya yi wa sana'a albarka. Takarda ta biyu ce ta fi kusa da abin da gidanka yake bukata, amma ita ma ba zan ce ka sa hannu a kanta yadda take ba, akwai wuraren da sai an gyara. Ta farkon kuwa, in ka biya, za ka ji daɗinta na 'yan watanni, daga nan inbata ya fara kuka da tsakar dare, ba da jimawa ba kuma a fara maganar sabbin batura.

A kasuwa an saba kiran sola da sunan inbatanta. Za ka ji mutum yana cewa ya sa 5kVA a gidansa, kamar wannan lambar ce ke nuna yawan wutar da yake samu. Inbata ba ya samar da wuta, ba ya kuma ajiye ta. Farantai su ne gona, batir shi ne rumbu, inbata kuwa ƙofar rumbun ce, kuma faɗin ƙofa ba ya ƙara dami ko ɗaya a ciki. Abin da kVA ke gaya maka kawai shi ne kaya nawa za su iya jan wuta a lokaci guda. Mai takardar farko ya san idon mai saye a kan wannan lambar yake sauka, shi ya sa ya girmama ta, ya je ya rage a farantai inda ba ka duba ba.

To mu yi lissafin gidanka da yunit, irin wanda kake saya a mita. Kayan da ke jan wat 1,000, in ya yi awa ɗaya a kunne, ya ci yunit ɗaya. Kuma dole a raba lissafin gida biyu, na rana da na dare, domin wutar da ka sha da rana kai tsaye take zuwa daga faranti, ita ce mai araha, wadda za ka sha da dare kuwa sai ta kwana a batir, kuma batir ne ya fi komai tsada a cikin aikin nan. Ka kuma sani daren sola ya fi daren barci tsawo. Tun daga bayan la'asar sakaliya farantai suke yin sanyi, ba sa dawowa da ƙarfi sai hantsi, wato kusan awa 14 batir ne ke ɗauke da gidan.

Da dare, fankar sama irin wadda aka saba tana jan kamar wat 70. Huɗu, awa goma a lokacin zafi, yunit 2.8 ke nan. Fitilu, har da biyun waje da ke kwana a kunne, yunit 0.7. Talabijin da dikoda da cajin wayoyi, rabin yunit. Sai firiza. Firizar da ake ajiye nama a ciki takan yi aiki ta huta, amma wadda ake zuba wa sabon ruwa kullum kusan ba ta hutawa, domin kowace litar ruwa tana cin wajen wat 100 na awa guda kafin ta zama ƙanƙara. Ka sa mata yunit 3 a kwana, rabi da rana rabi da dare. Darenka ya tashi yunit 5.5.

Da rana, kekuna biyu kamar yunit 2, dutsen guga 1.2, sumo na awa ɗaya yunit 1, fankoki 1.3, rabin firiza 1.5. Ya kama yunit 7. Jimla yunit 12.5 a kwana, kafin a ƙara abin da inbata da batir suke ci na kansu.

Yanzu me farantai za su bayar? A yankin Kano, in aka tara hasken yini guda aka dunƙule shi, yakan yi daidai da kamar awa biyar da rabi na cikakkiyar rana. Sai dai lambar da aka rubuta a bayan faranti an auna ta ne yana kan zafin digiri 25, alhali a kan kwano a watan Afrilu yakan haura digiri 60. Kowane digiri ɗaya da ya ƙaru yana rage masa kusan kashi ɗaya bisa uku na kashi 1 cikin 100, don haka zafi kaɗai yana iya cinye kashi 12 zuwa 15. Ka haɗa da ƙura, da abin da ke zubewa a waya da na'ura, za ka ga kwata guda ya tafi. Shi ya sa muke ninka ƙarfin farantai da 5.5, sannan mu ɗauki kashi 75 cikin 100. Faranti huɗu masu 450 sun ba da wat 1,800, wato yunit 7.4 a rana mai kyau. Faranti shida masu 550 sun ba da wat 3,300, wato yunit 13.6.

Ka ga inda gizo yake saƙa. A takardar farko, duk abin da farantai suka kawo, shago da firiza da sumo sun cinye shi kafin magariba, babu abin da ya rage na cika batir. Zan yi wa mai takardar adalci: baturansa ba ƙanana ba ne. Tubula ɗaya mai 220Ah yana ɗaukar yunit 2.6, huɗu sun haura yunit 10, kuma tunda ba a son a sha fiye da rabi, kana da yunit 5 da 'yan kai da za ka yi amfani da su, wanda ma ya ɗara abin da litiyam ɗin na biyu zai ba ka a dare ɗaya. Matsalar ita ce ba za su taɓa cika ba. Batirin darma da ruwan asid irin tubula, in yana kwana yana wuni ba a cike ba, wani farin gishiri yakan daskare a jikin farantan cikinsa, ya riƙa rage masa ciki a hankali, kuma in ya yi tauri ba ya narkewa. Da yawa daga baturan da ake cewa jabu ne sun mutu a shekara ɗaya, yunwa ce ta kashe su. Sannan tubula yana bukatar awanni yana shan caji a hankali kafin ya ƙoshi, yana kuma zubar da kusan kashi ɗaya cikin biyar na wutar da aka ba shi. Litiyam yana karɓar caji da sauri, abin da yake zubarwa kaɗan ne, kuma rashin cika ba ya yi masa lahani. Wanda unguwarsu ke samun wutar Nepa ta awanni da yawa kullum, tubula zai iya yi masa, don Nepa za ta riƙa cika su. Wanda ya dogara da rana kaɗai, ga lodin rana mai nauyi irin naka, bai kamata ya haɗa tubula huɗu da faranti huɗu ba.

Gyara na farko a takarda ta biyu yana wajen dare. Litiyam mai 5kWh, wato yunit 5, abin da za ka sha ba tare da ka matse shi ba bai wuce yunit 4.3 zuwa 4.5 ba. Darenka kuwa 5.5 ne, in aka ƙara asarar inbata da abin da yake ci don kawai yana kunne, wanda a wasu yakan kai wat 50, ya doshi yunit 7. Wajen ƙarfe biyu ko uku na dare za ka ji fanka ta tsaya. Hanya biyu ce: ka ƙara batir na biyu, ko ka rage daren. Ni ta biyun nake fara ba mutane shawara, don ta fi araha nesa ba kusa ba. Ka cire fankokin nan huɗu ka sa irin sababbin masu cin wat 30 ko ƙasa da haka, dare ɗaya ka tsira da yunit 1.6, kuma kuɗinsu duka bai kama ƙafar kuɗin batir ba. Sannan Hajiya ta sauya lokacin zuba ruwa. A maimakon ta cika firiza da yamma bayan an gama ciniki, ta kwashe ƙanƙarar da safe ta zuba a kula, ta cika firizar da sabon ruwa da hantsi, aikin mai nauyi ya faɗa kan rana. A sa wa firizar ɗan agogon da ke kashe ta na wasu awanni a tsakiyar dare, a bar murfin a rufe, sanyin ba zai gudu ba. Da waɗannan biyun darenka zai sauko wajen yunit 4, batir ɗaya ya kai ku asuba, ko da yake ba da rarar a zo a gani ba. Duka bukatar kwana kuma ta dawo wajen yunit 10, ka ga farantai shida sun bar maka sarari na watan Agusta, lokacin da hadari ke rufe sama kwana biyu uku a jere, da kwanakin hazo mai kauri a hunturu.

A shagon ma akwai abin dubawa. In kekunan naka masu tsohuwar mota ne, wadda ke juyawa tana gurnani ko ba a taka ba, ka canza musu mota zuwa irin sabon, wadda ba ta motsi sai an taka. Tana cin ƙasa da rabin wutar, ga shiru.

Gyara na biyu shi ne inbatan. Da yawa daga masu 3.5kVA abin da suke iya ɗauka na gaske wat 2,800 ne zuwa 3,000, ka duba takardar jikinsa ka ga wat nawa aka rubuta, kada ka tsaya a kVA. Dutsen guga, kekuna, firiza da fankoki a tare sun haura wat 2,000, yana iya ɗauka. Amma sumo da firiza masu mota ne, kuma mota a daƙiƙar da za ta tashi takan ja ninki uku ko fiye na abin da take ci in ta daidaita. In yaro ya kunna sumo kana tsakiyar guga, inbata zai ɗauke. Kana iya zama da shi in za a bi doka a gida: sumo da ƙarfe goma na safe, guga daga sha ɗaya zuwa biyu, kada su haɗu. Amma gida mai yara da shago mai almajiran ɗinki, doka irin wannan ba ta cika daɗewa ba. In da hali, ka ce ya mayar da shi 5kVA mai aiki da batir na bolt 48. Da yawa daga masu 3.5kVA a bolt 24 suke, kuma bambancin ba ƙarami ba ne. Lodin wat 3,000 a bolt 24 yana jan amfiya 125 daga batir, a bolt 48 kuwa rabin haka, waya ba ta zafi sosai, kuma ranar da za ka ƙara batir ko iyakwandishan ba sai ka zubar da abin da ka saya ba. Wato dai mai takardar farko ya yi daidai a girman inbata, ya ɓata a sauran.

Sai maganar ingancin kaya, wadda ta fi damuna a 'yan shekarun nan. Tun da aka cire tallafin mai a ranar 29 ga Mayun 2023, aka kuma kai kuɗin wuta na 'yan rukunin A, wato waɗanda aka fi ba wutar Nepa, naira 225 kowane yunit a Afrilun 2024, sannan ga duhun da ya rufe yawancin jihohin Arewa fiye da mako guda a Oktoban 2024 bayan lalata layin Shiroro zuwa Kaduna, jama'a suka yi ca a kan sola. Kasuwa ta buɗe, duk mai tsani da filaya ya zama injiniya, kaya masu lambar ƙarya suka cika shaguna. Akwai gwajin da kai da kanka za ka iya yi da awon ɗinkinka. Faranti na zamani yana ba da wat 210 zuwa 225 a kowace murabba'in mita. Mai wat 550 na gaskiya tsawonsa ya kai mita 2 da kwata, faɗinsa mita 1 da ɗan ɗori, nauyinsa kusan kilo 27. In aka kawo maka wanda bai kai tsawonka ba an manna masa takardar 550, ka ce a mayar. Litiyam mai 5kWh irin LiFePO4, wanda shi ne ya dace da gida don ya fi jure zafi kuma ba ya saurin kamawa da wuta, nauyinsa yakan kai kilo 40 zuwa 50. Wanda mutum ɗaya zai ɗaga da hannu ɗaya, ko dai cikinsa bai kai ba, ko an cika shi da tsofaffin ƙwayoyin da aka ciro daga wani wuri. Ka nemi a rubuta sunan kamfani da lambar kowane kaya a takarda, da shekarun garanti, da wanda za ka kai wa in ya lalace. Kuma a tabbatar batirin da inbatan suna magana da juna ta wayar sadarwa, yadda allon da ke kula da batirin, BMS, zai riƙa gaya wa inbata iyakar cajin da zai ba shi.

A kan rufi, farantai su kalli kudu, wato hannun damanka in ka fuskanci gabas. Kano tana kan digiri 12 ne arewa da tsakiyar duniya, don haka karkatar digiri 10 zuwa 15 ta isa. Kada a miƙar da su sosai irin yadda kake gani a hotunan Turai, domin daga ƙarshen Afrilu zuwa tsakiyar Agusta rana ta arewa da mu take bi da tsakar rana. Kada kuma a kwantar da su shamal, ruwa da ƙura za su taru a gefe su yi laka. A bar tazarar kamar tafin hannu ko fiye tsakaninsu da kwano don iska ta ratsa, faranti da aka manna a jikin kwano gasuwa yake. Kuma a ɗaure ƙarafan a jikin katakon rufi ko ƙarfensa da noti, a toshe ramukan da kyau. Iskar farkon damina da ke yaye rufin makarantu ba za ta ji tausayin faranti da aka ɗaure da wayar ɗauri ba.

Inuwa ita ce ɓarauniyar da ba a gani. Farantan nan a jere ake haɗa su, wutar ɗaya ta bi ta cikin ɗaya, saboda haka inuwar tanki, ko reshen darbejiya, ko kwanon dish, ko benen maƙwabci da ta faɗi a kan kusurwar ɗaya tana iya jawo layin duka ƙasa. Mai aikin kirki zai hau rufin ya duba inda inuwa ke faɗawa da safe da kuma bayan azahar, ya kuma yi la'akari da cewa a Disamba rana tana yin kudu, inuwa tana ƙara tsawo. Wanda ya rubuta maka takarda bai hau rufinka ba, bai kuma tambaye ka awa nawa fanka ke kwana a kunne ba, hasashe ya yi.

Ƙura kuwa sai dai haƙuri da wanki. A hunturu, mako ɗaya ya isa ka ga caji ya ragu a fuskar inbata. A wanke da sassafe ko bayan rana ta yi sanyi, da ruwa mai tsabta da tsumma mai laushi ko soso mai sanda. Kada a watsa ruwan sanyi a kan gilashin da ya gasu da rana, kada a sa sabulun wanki ko soson ƙarfe, kada kuma yaro ya taka su. Takawa tana tsattsaga ƙwayoyin ciki ba tare da gilashin ya nuna ba, sai dai ka ga ƙarfi yana raguwa. Tun wajen dasawa a bar hanyar da mai wanki zai bi.

Wajen waya ne ake yi wa mutane yankan baya, domin ba wanda ke tambaya. Faranti mai 550 yana fitar da kusan bolt 50 in ba lodi, shida a jere sun kai bolt 300 na wutar DC, wato irin wutar da faranti da batir ke bayarwa, wadda a wannan ƙarfin ke kisa, kuma tana nan muddin akwai rana ko da an kashe komai a ƙasa. Dole mai aikin ya duba iyakar bolt ɗin da inbata ke karɓa daga farantai, don wasu suna ɗaukar har 450 ko 500, wasu kuwa ba sa wuce 145, kuma da sanyin safiyar hunturu bolt ɗin faranti hawa yake yi. Wutar DC in ta yi tartsatsi ba ta mutuwa da kanta kamar ta Nepa, ci take yi har ta kama abin da ke kusa. Saboda haka birekar da za a sa tsakanin farantai da inbata, da wadda ke tsakanin batir da inbata, dole su zama na DC, ba irin na akwatin wutar gida ba. Wayar da ke saukowa daga rufi ta zama wayar sola mai jure rana, mai kaurin murabba'in milimita 4 ko 6, a cikin bututu. Ta batir ta zama mai kauri, 25 ko 35, gajera, an matse kanta da abin matsewa, ba an murɗa da hannu an naɗe da salatif ba. Ka sa a kankare bakin wayar a gabanka: in ja ce har ciki, tagulla ce, in ta yi fari, alminiyom ne aka shafa wa launi. A kafa sandar ƙasa a wuri mai danshi, a haɗa ƙarafan farantai da jikin inbata da ita, a kuma sa na'urar da ke tare ƙarfin tsawa a layin farantai da layin Nepa. Da yawa daga inbatocin da ke ƙonewa a damina, waɗannan ƙananan abubuwan ne aka tsallake don takarda ta yi sauƙi. Araha dai ba ta ado.

A akwatin wutar gida a ware layi. Hitar ruwa, risho na lantarki, butar lantarki, duk su zauna a layin Nepa kaɗai, yadda ko baƙuwa ta zo ta jona ba za ta taɓa batir ba. A kuma sa makunnin sauya layi na ƙwarai, wanda zai hana wutarka komawa kan wayar titi. Ma'aikacin da ya hau fal yana ganin an ɗauke wuta, wutar gidanka na iya hallaka shi.

Inda za a ajiye batir da inbata ya zama wuri mafi sanyi a gidan, mai iska, nesa da kicin da hannun yara. Kada a kai su ɗan ɗakin ajiya mai rufin kwano ba silin, don zafi yana rage wa kowane irin batir kwana. Batirin darma ma, duk ƙarin digiri 10 a kan 25 yana raba rayuwarsa kusan biyu. Wanda ya riga ya sayi tubula, ya sani suna fitar da iskar da ke kamawa da wuta lokacin caji, ba a kwana da su a ɗaki, ana duba ruwansu a kai a kai a ƙara ruwan batir, ba na rijiya ko na leda ba, kuma ba a haɗa sabo da tsoho a layi ɗaya.

Kada ka sayar da janaretonka. Sana'o'inku biyu lokaci ɗaya suke tashi: da azumi ƙanƙara ke tsada, a goman ƙarshe kuma tela ba ya barci. Ba hikima ba ce ka sayi batir na biyu don dararen da ba su fi ashirin ba a shekara. A jona janareton ta hanyar inbata, ya yi awa biyu uku da daddare yana ɗauke da shago yana kuma ƙara wa batir. Ko tashar sola ta Jami'ar Bayero mai megawat 7.1 da aka buɗe a 2019, haɗe take da injina na ko-ta-kwana. A saita inbatan ya fara shan rana, sannan batir, Nepa ta zo a ƙarshe, amma a kwanakin hadari a ba shi dama ya yi caji da ita in an kawo.

In kuɗin bai kai a yi duka lokaci ɗaya ba, ka fara da abin da ba ya canzuwa: inbata mai bolt 48, farantai shida, waya da kayan kariya cikakku, batir ɗaya. Batir na biyu, irin na farkon sak, ana iya ƙara shi daga baya in ciniki ya buɗe. Kada ka yarda a rage a waya ko a farantai don a cike wani gurbi.

Wajen biya, ka riƙe wani kaso sai kayan sun yi mako guda suna aiki. Ranar da aka gama, mai aikin ya zauna da kai da Hajiya, tunda ita ce ke gida da rana, ya nuna muku yadda ake karanta fuskar inbata da inda ake kashe kowace bireka in wani abu ya taso. A cikin makon nan ku riƙa rubuta abu uku a littafin awo: ƙarfe nawa batir ya cika, kashi nawa ya rage da asuba, da wat nawa farantai ke bayarwa da tsakar rana. A rana mai haske, da farantai a wanke, lodi kuma a kunne, ya kamata ka ga wat 2,300 zuwa 2,700, batir ya cika kafin la'asar, ya kuma wayi gari da kashi 15 zuwa 20 aƙalla. In ɗaya daga cikin ukun ya gaza, ka kira shi ya dawo ya auna kowane faranti da kowane haɗi kafin ka cika masa ragowar kuɗinsa.